Sallamar da Na Tsaya Yi a Ƙofar Surayya

Gummi,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanwata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini ɗaya, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Shehu da yara gaba ɗaya. Yaya aikin asibiti, yaya kuma sanyin Ingila da kullum kike kuka da shi? Allah ya ba ku jimiri, ya tsare muku imaninku, ya sa ku gama abin da ya kai ku ku dawo gida lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya ɗauke, an yanke shinkafa, ta fadama ta yi kyau ƙwarai, ta bakin gulbi kuwa ruwa ya ɗebi rabonsa yadda ya saba. Yayarki Asma, uwargidana, tana nan da ciwon gwiwarta, wanda ba ya hana ta zuwa suna ko biki, sai dai idan an ce ta tashi ta ɗauko wani abu a rumbu. Ɗanmu Abdulrahman ma lafiya, yana ta jigilar buhuna zuwa injin casa.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya. Kin sha kira ina miƙa wa Asma ina cewa ba na ji sosai. Ƙarya nake yi, Luba, kunnena lafiyarsa ƙalau. Abin da zan gaya miki ne bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na koma ga alƙalami. Maƙwabcinmu Malam Hosea, malamin makarantar nan, shi zai ɗauki hoton takardar ya tura miki. Na roƙe shi kada ya karanta, ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, irin rubutuna ko ya so karantawa ba zai iya ba.

An gaya miki an yi gobara a gidanmu da damina, an gaya miki kowa ya tsira. An kuma gaya miki wai yayanki ne ya faɗa cikin wuta da ciwon ƙafa ya fito da matar ɗansa. Kin aiko saƙon murya kina kuka kina sa mini albarka, har yau ban iya sauraronsa zuwa ƙarshe ba. Ba haka abin ya faru ba. Saura ƙiris Surayya da jaririyarta su mutu ina tsaye a ƙofar ɗakinsu da raina da hankalina. Daga asibiti aka wuce da ita Anka gidan mahaifinta, ni kuma na zauna wata da watanni ban san ko za ta sake yarda ta kwana a gidana ba. Kin ga na rubuta sunanta kai tsaye, ni da ko a zuci sai dai in ce matar Abdulrahman. Yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, za ki ji dalili.

Kin tuna zuwanki na Babbar Sallah, bayan bikinsu da ɗan lokaci, da kika buɗe jaka kika fito da abubuwan nan guda biyu farare masu kama da murfin kwano? Kika ce na'urar jin hayaƙi ce, da zarar ta shaƙi hayaƙi za ta ɗauki ƙara. Na ce mutane suna dawowa daga Turai da agogo da shadda, tawa ƙanwar ta dawo da marufai. Ba ki kula ni ba, kika sa aka mirgino turmi, kika hau da kanki da girmanki, kika ɗaura ɗaya a rufin ɗakin Asma, ɗaya a na amarya. Kika tsaya tsakar gida kina yi mana karatu, cewa hayaƙi ba ya tada mai barci, ƙara danne shi yake yi, kuma yawancin waɗanda ake kawo muku daga gobara hayaƙi ne ya gama da su tun wuta ba ta taɓa su ba. Na ce mu nan muna da hanci, muna da maƙwabta, muna da Allah. Kika ce wanda ya ba mu hancin shi ya ba wani basirar ƙera abin, kuma Yaya dai ba ya sakewa. Na ji haushin maganar a lokacin, don a gaban yara kika faɗa.

Bayan tafiyarki abin ya zama abin dariya a gidan. Mata suka sa mata suna Magulmaciya, don ba a isa a yi komai a ɓoye ba. Wata ta ƙona gyaɗa kusa da ƙofa, ta faɗa wa unguwa. An sa turaren wuta, ta faɗa wa unguwa. Asma dai ba ta kai wata ba ta sa aka sauke tata, ta cire batirin, ta jefa ta cikin kwalla ta rufe, ta ce ba wanda zai hana ta turare a ɗakinta, ko da daga Makka aka kawo shi. Surayya ce kawai ta bar tata, don tana amarya, tana jin nauyin taɓa abin da gwaggon mijinta ta ɗaura da hannunta. Sai ta koma yin turarenta a bakin ƙofa, amma duk da haka wani lokaci sai mu ji ƙarar. Ni da bakina nakan ce, to, Magulmaciya ta fara, in ci gaba da abin da nake yi. Haka kunnuwanmu suka saba da ita har ta zama kamar kukan zakara.

Da cikin Surayya ya tsufa, mahaifinta Malam Sanusi ya aiko a kai ta Anka ta haihu a gaban uwarta, tunda haihuwar fari ce. Kin san yadda hanyar nan take yanzu, ga ruwa ga rashin kwanciyar hankali, mutum ya fita da safe sai addu'a. Ni na hana. Na kira shi na ce ya bar ta nan, ga asibiti kusa, ga Asma, ɗiyarsa ɗiyata ce, abin da zai same ta sai ya fara bi ta kaina. Da bakina na faɗi haka, Luba, kuma ya yarda da ni. Ta sauka lafiya, aka samu mace, aka sa mata Rukayya, aka shiga wankan jego.

Ranar da abin ya faru an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai da safiyar nan ya ɗan tsagaita. Kowa ya yi gona, har Abdulrahman. Ni ina gida saboda fartanya ta sare ni a ƙafa, wurin ya kumbura, sai da sanda nake takawa. Asma ta yi wa mai jego wankan safe, ta ba ta kunun kanwa, ta zuba mata garwashi a kasko don ɗakin ya yi ɗumi, ta rufe taga ta jawo ƙofa yadda ake yi don kada iska ta shige ta. Tsumman jaririya sun ƙi bushewa saboda ruwan, sai aka shanya su a igiya cikin ɗakin, daidai saman kaskon. Daga nan Asma ta yafa mayafi ta ce za ta leƙa gaisuwar rasuwa a bayan masallaci ta dawo yanzu. Kin san yanzun Asma. Gidan ya rage daga ni sai mai jego da jaririyarta, ina zaune a zaure ina ɗinkin buhu.

Da hantsi na ji ƙarar. Na ce a raina turare ne, ban ko ɗaga kai ba. Amma da can takan yi kaɗan a kore hayaƙin da mafici ta yi shiru, wannan karon ta ƙi yin shiru. Na ɗauki sandata na shiga cikin gida ina mita. Kin san 'yar katangar nan da ta raba sashen Abdulrahman da tsakar gida. Tun ranar da aka kawo yarinyar nan ƙafata ba ta taɓa wuce wurin ba. Ita ma idan za ta gaishe ni daga nesa take durƙusawa, fuska a kauce, murya can ƙasa, in mun yi kiciɓis a hanya ta juya da baya. Fiye da shekara muna gida ɗaya, amma da a kasuwa za a nuna mini ita da ƙyar in gane ta. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, ni kuma har alfahari nake da cewa gidana gidan kunya ne.

Na tsaya a bakin katangar na yi gyaran murya. Shiru, sai ƙarar na'urar. Na yi sallama. Na sake yi da ƙarfi. Na ce masu ɗakin nan lafiya dai, na buga sandata a bango. Na daure na ƙarasa har ƙofar ɗakin, abin da ban taɓa yi ba, kuma a nan na ga hayaƙi yana fitowa ta saman ƙofa, baƙi, mai warin ƙonanniyar roba. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban gane ba. Na yi shekaru ina shaƙar turaren Asma, na san wannan ba turare ba ne. Hannuna ya kai kan ƙofar, ba a kulle take ba, turawa kawai take so. Sai na tuna lokacin bayan wanka ne, mai jego tana kwance a ɗaki mai zafi, Allah kaɗai ya san abin da ke jikinta. Na ce idan na tura ƙofar nan na tarar ba wani abu ba ne, da wane ido zan dubi ɗana, da wane baki kuma za a ba da labarin a Gummi, a ce tsoho Makau ya faɗa wa surukarsa ɗaki da rana tsaka. Na janye hannuna, na sake yin sallama kamar baƙon da ya zo neman ruwan sha. Da ba a amsa ba, na juya na tafi neman macen da zan tura ta duba.

Na juya wa jikata baya tana cikin hayaƙi, ina ɗingishi a tsakar gida ina lissafin wace mata ce ba ta je gona ba. Ko gudu ban yi ba, ƙafar ba ta bari. Duk tsawon tafiyar nan na'urar tana ta ihu a bayana, ita ba ta tsaya ba.

A zaure na ci karo da Gladys matar Malam Hosea, wadda ke aikin jinya a asibitin gari. Ranar tana hutu, tana wanki a gidansu, ta jiyo ƙarar ta kan katanga. Daga baya ta gaya mini ita ma ta saba ji, amma da ta ga abin ya wuce yadda ya saba sai ta watsar da wankin. Ta shigo ba takalmi, hannu duk kumfa, ba sallama ba gaisuwa. Ta tambaye ni wa ke cikin ɗakin, na ce mai jego ce da jaririya. Ta dube ni sau ɗaya, ta dubi hanyar da na fito, sannan ta ture ni har na bugi bango, ta ruga. Wannan kallon har yau yana tare da ni, in na rufe ido ina ganinsa.

Ta banka ƙofar, ta shiga da rarrafe ta ƙasa inda hayaƙin bai yi kauri ba, ta fito da Rukayya ta shimfiɗe ta a tabarma a fili. Yarinyar ba ta kuka. Ta koma, sai na ji tana ƙwala mini kira, in zo in kama, ba za ta iya ɗaga uwar ita kaɗai ba. A nan ne fa na shiga. Kin san abin da na gani a cikin ɗakin nan da na tsaya ina tsoron gani? Ban ga komai ba. Ko tafin hannuna ban gani ba, hayaƙi ne baƙi ƙirin daga sama har gwiwa, da jan wuta a gefen katifa. Da lalube na samu hannun Surayya, muka ja ta waje. Tsumma ne ya faɗa kan garwashi, ya kama gefen katifar soso, ita kuwa irin katifar nan kafin ta yi harshe ta cika ɗaki da guba. Daidai lokacin da muke fitowa maƙwabta suka fara shigowa, suka gan ni baƙi da hayaƙi, ƙafa tana jini, ina riƙe da ita. Daga nan labarin jarumtata ya samo asali.

Aka kashe wutar da ruwan saman da muka tara a duro. Katifa ta tafi, da labule, da rabin kayan ɗakinta, da gefen rufi. Na'urar taki ta narke a gefe ɗaya, amma tana ta ƙara muryarta na shaƙewa har aka gama ɗiban ruwa, sannan ta mutu. Gladys ta yi ta fama da jaririyar a tsakar gida har ta ɗan motsa, aka ɗauke su a babur mai ƙafa uku zuwa asibiti. Surayya ta farfaɗo da yamma. Rukayya kuwa ta yi kwanaki da robar iska a hanci, muna zaune a baranda muna jiran ko wane labari. Likitan ya ce da an ƙara ɗan jinkiri da sai dai haƙuri. Da ya faɗi haka kowa ya juyo yana kallona da godiya, ni kuwa na san wanda ya kawo jinkirin da aka riga aka yi. Ko da aka sallamo Rukayya, kukanta ya disashe, in tana yi sai ka kawo kunne kusa kake ji.

Ban taɓa sanin yabo yana da ɗaci haka ba. Liman ya ambace ni bayan sallar Juma'a, samari suna ɗaga mini hannu a hanya, Abdulrahman ya zo ya durƙusa yana hawaye ya ce ba shi da abin da zai biya ni. Na kasa cin tuwo, Asma ta ce hayaƙi ne ya zauna mini a ƙirji, ta yi ta dafa mini citta. Gladys kuwa ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta ina jin bai sani ba. Kullum muka haɗu a ƙofar gida sai ta rusuna ta ce Baba ina kwana, yadda ta saba, ba ragi ba ƙari. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kuma je na zauna ina tuna karatunmu na zaure, na tarar tun ina saurayi na san cewa a shari'a uban miji muharramin matar ɗansa ne, kuma ceton rai wajibi ne ko da kuwa baƙuwa ce. Ashe ba Allah na ji tsoro ba a ƙofar nan, bakin mutanen Gummi na ji tsoro.

Uwar Surayya ta zo asibiti ta ce da ma can a gabanta ya kamata a yi jegon, ta tafi da su Anka, ban samu bakin hanawa ba. Aka yi arba'in, ba ta dawo ba. Muka gyara ɗakin, aka yi sabon rufi da fenti, aka sayi katifa, ɗaki yana nan a rufe. Abdulrahman ya yi ta zirga-zirga, kullum ya dawo da wani uzuri, yau ƙirjin yarinya, gobe a bari ruwa ya ɗauke. Daga baya ya gaya wa uwarsa gaskiya, cewa da zarar ya tada maganar komawa sai ta hau kuka ta ƙi cewa komai, ya rasa abin da ya yi mata. Ni na ji wannan sai na ce a raina shi ke nan, ta ji ni a ƙofar, ta ji tafiyata, ba za ta zauna gidan mutumin da ya bar ta a wuta ba, kuma auren ɗana zai mutu saboda ni.

Da aka gama yankan shinkafa na ɗaura buhun sabuwa a mota na nufi Anka, ban gaya wa kowa abin da zai kai ni ba. Malam Sanusi ya tarbe ni hannu biyu, ya shimfiɗa mini darduma a zaure, ya fara jero godiya. Na ce ya dakata. Na ba shi labarin yadda na ba ki, ban rage komai ba, kaina a ƙasa. Na zaci zai tashi ya bar mini wurin. Sai ya shafa gemu, ya ce ai ba wani abu ba ne, shi ma da shi ne haka zai yi, wannan ya nuna ɗiyarsa gidan mutunci ya kai ta. Kin ji fa. Raina ya ɓaci fiye da in ya mare ni. Na ce masa da mun binne jikarmu ranar, wannan mutuncin a ina za mu ajiye shi, kuma idan dattawa biyu za su zauna su ce daidai ne, to gobe wani ma haka zai yi a wani gidan. Na ɗaga murya a zauren mutane, abin da ba halina ba.

Sai muka ji shessheƙar kuka a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Ashe Surayya ta kawo ruwa, ta durƙusa a nan tana jiran mu yi shiru ta gaishe ni, ta ji komai. Ubanta ya ce ta ajiye ta koma. Ba ta koma ba. Daga bayan ƙofar ta fara magana, kuma wannan ne karo na farko da na ji muryarta a fili. Ta ce ƙarar na'urar ce ta tashe ta, amma kanta ya yi nauyi, jikinta ya ƙi tashi. Ta ji gyaran muryata, ta ji sallamata, ta gane ni ne. Ta ce tana jin tana da sauran numfashin da zai isa ihu ɗaya, amma abin da ya fara zo mata shi ne Baba ne a ƙofa kuma ba ta da sutura. Sai ta sa ɗan ƙarfin da ya rage mata wajen laluben zane ta rufa, ta danne bakinta, don ba ta taɓa ɗaga murya inda zan ji ba. Jaririyarta tana gefenta, ita zane take nema. Ta ji takun sandata yana nisa, ta ce a ranta don ba ta amsa ba ne na tafi, daga nan ba ta sake sanin inda take ba. Abin da ya hana ta dawowa ke nan. Ta ce ba ta da idon da za ta dubi mijinta da ni, tana ganin ita ta kusa kashe ɗiyarta da shirunta, ga ni kuma na shiga wuta saboda ita.

Luba, na zauna a zauren nan hawaye yana bin gemuna a gaban surukina. Ni a waje ina jin kunya, ita a ciki tana jin kunya, ƙofa ce kawai tsakaninmu kuma ko kulle ba a yi mata ba. A duk gidan nan ranar, abin da kika ɗaura a rufi ne kaɗai bai san kunyar kowa ba, shi ya yi ta kira har wadda za ta ji ta ji. Na buɗe baki na ce Surayya. Sunan ya yi mini nauyi a harshe, ubanta ma sai da ya ɗago. Na ce mata ba ta da laifi, mu muka koya mata shirun, ni ne babba, ni ke tsaye da ƙafafuna, ta yafe mini. Na ce ta dawo ɗakinta, kuma daga yau in wani abu ya same ta ta kira ni da ƙarfi yadda za ta kira ubanta. Sai ta ce to, Baba.

Ta dawo makon da ya wuce. Kafin ta iso na sa Asma ta buɗe kwallarta ta fito da ɗaya na'urar, tana ta mitar cewa ita da ma ajiya ta yi mata. Malam Hosea ya samo mini batiri. Na ce ba wanda zai ɗaura ta sai ni, kuma sai mai ɗakin tana nan. Aka mirgino turmin nan naki, na shiga ɗakin da rana kowa yana gani, na hau, Surayya ta riƙe mini turmin tana kallon ƙasa. Da na gama na danna maɓallin gwaji yadda kika nuna mana. Ta ɗauki ƙara, Rukayya ta farka a firgice ta tsala kuka, kuka sosai mai ƙarfi, har Asma ta jiyo daga madafa ta taho da gudu ta manta da gwiwarta. Yarinyar dai tana tari idan ta ji sanyi, likita ya ce a kula, da fatan zai bari in ta girma, kuma duk tarin da ta yi a ƙirjina nake jin sa. Na tara mutanen gidan na ce an daina shanya a saman kasko, an daina rufe mai jego da garwashi ba taga, kuma in na'urar nan ta yi ƙara, wanda ya fi kusa ya shiga, ko wane ne shi, ko ɗakin wa ne. Na je na yi wa Gladys godiya a gaban mijinta, na faɗi gaskiya a majalisar masallaci. Wasu sun ce tawali'u ne ke damuna, sun fi son labarin farko.

Roƙona gare ki, idan an samu mai zuwa, ki aiko mana da wasu, ko ki gaya wa Abdulrahman inda ake samunsu a Sakkwato ko Gusau. Ina son ɗaya a ɗakin Asma, ɗaya a nawa, ɗaya gidan Malam Sanusi, da na gidan ƙanwarmu Ladi a Adabka, don kin san ita da kasko ba sa rabuwa. Wannan karon ba zan ce marufai kika kawo ba.

Ki gaishe mini da Malam Shehu, ki ce ina nan ina yi masa addu'a. Ki gai da Kamilu da ƙannensa, ki ce kada su manta Hausa. Asma tana gaishe ki, Abdulrahman da ƙanwarsa Ummukulsum suna gaishe ki, Ladi ma ta aiko a gaishe ki. Surayya ta ce in gaya wa Gwaggo ta gode, da bakinta ta faɗa mini, ba aike ba. Jiya da hantsi ina zaure na ji ƙarar, ban san lokacin da na jefar da sanda ba, sai ganina na yi a tsakiyar ɗakinta ba sallama. Turaren wuta ne kawai take yi wa kayan yarinya. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, Asma ta biyo ni tana tafa hannu, ni kuma na fito ina laluben takalmi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Irin wannan kunyar zan iya ɗauka kullum har in mutu.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Makau.